Amsar Yaya kan fitilar madubin banɗaki

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Na saurari saƙon da ƙanena ya turo jiya da daddare, inda yake tambayar fitila mai wat nawa zai saya ya kafa a bango saman madubin banɗakin amarya, tunda masu tayil za su shiga ranar Asabar. To ƙanena, abin da ya tsaya mini a rai cikin maganarka Asabar ɗin nan ce, domin idan ba a riga an fito da waya a daidai inda fitilar za ta zauna ba, ka dakatar da masu tayil ko da za su yi fushi.

Aikin wannan fitila shi ne ta haska fuskar wanda ya tsaya gaban madubi. Ƙwan da ke silin yana bayan kanka, saboda haka inuwarka ce ke faɗawa kan fuskarka, shi ya sa mutum zai gyara gemu a banɗaki, ya fito waje ya tarar gefe ɗaya ya fi ɗaya. Idan guda ɗaya za ka sa a saman madubi, ka nemi mai tsawo, a kafa ta wajen mita 2 daga daɓe, a kuma daidaita ta da tsakiyar kwanon wanke hannu. Idan bangon yana da faɗi, na fi son biyu, dama da hagu, a daidai tsayin ido, kamar mita 1.6, domin ta haka babu inuwa a ƙarƙashin ido da haɓa.

Batun wat kuwa mai sauƙi ne. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kimanin lumen 800, daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, kuma ya wadatar da madubi ɗaya. Lambar da ya kamata ka duba a kwali ita ce mai harafin K a ƙarshe. Mai 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi da ya cika shagunanmu, mutane suna son sa don suna ganin ya fi haske, amma yana sa fata ta yi kamar an shafa toka, mai kwalliya kuma sai ta yi ta ƙara hoda ba ta san ta wuce gona da iri ba. Ka tsaya tsakanin 3000K da 4000K. Idan an rubuta CRI 90 a jiki, wato yana nuna launi kusan yadda hasken rana ke nuna shi, ka ɗauka ko da ya ɗan fi tsada.

Sai maganar ruwa. Ka tabbata an rubuta IP44 a kwalin, lamba ta biyun tana nufin fallatsin ruwa ba zai shiga ciki ba. Bari dai in gyara, domin na tuna girman banɗakin nan da na gani lokacin da ake gini. Shawa da kwanon wanke hannu kusan a manne suke, babu labule, kuma mu mutane ne masu wanka da bokiti, ruwa yana kaiwa ko'ina. Ka nemi IP65, wanda ya fi IP44 jure ruwa, ko ƙura ma ba ta ratsa shi, ka huta da ƙurar hunturu da ƙwarin damina da ke taruwa su mutu a cikin gilashi.

Abin da ya sa nake nanata batun tayil, duk kun san abin da ya same ni a gidana na wajen Ƙofar Ƙaura. An gama tayil tas, sannan aka tuna babu wayar fitila. Wanda na kira ya zo da dirila, bai tambayi inda mai famfo ya bi da bututu ba, ya huda bango, sai ga ruwa yana tsartuwa a fuskarsa. Tayil huɗu aka fasa kafin a kai ga bututun. Na zaga Babbar Kasuwa shago-shago ban sami irin launin ba, na aika har Kano aka ce an daina kawo shi. Har yau idan kun shiga za ku ga guda huɗun nan sun fita daban, kuma mutumin bai ji kunyar karɓar kuɗin aikinsa cif ba, yana cewa laifin mai famfo ne, mai famfo kuma ya ce laifin mai tayil ne. Shekara nawa ke nan, kullum na tsaya alwala sai idona ya faɗa kansu.

Ranar kafawa kada ka dogara da cewa KEDCO sun ɗauke wuta, domin za su iya dawo da ita hannun mutum yana kan waya, ga shi kuma kana da sola. A kashe bireka, a kashe inbata, sannan a gwada da tasta. A yi amfani da waya mai kaurin 1.5mm², kuma makunni ya katse wayar da ke ɗauke da wuta, wato mai ruwan ƙasa, ko ja a tsohon wayarin. Na sha ganin inda aka katse ɗayar wayar maimakon mai wutar, fitila a kashe amma wuta tana nan a jikinta. Idan jikin fitilar ƙarfe ne, dole a haɗa wayar nan mai kore da rawaya wadda ke kai wuta ƙasa, makunnin kuma ya zauna a waje bakin ƙofa, inda jiƙaƙƙen hannu ba zai kai gare shi ba. Wajen huda tayil a manna salatif a wurin, a sa bakin dirila na tayil, a bi a hankali ba tare da kunna bugun dirilar ba, sannan a sa fisha, wato robar nan da ake cusawa a ramin don ta riƙe ƙusa.

Ka ɗauki hoton bangon yau tun bututun suna fili, ka auna daga daɓe zuwa inda madubin zai ƙare, ka turo mini kafin la'asar in nuna maka inda za a fito da wayar.