Amsoshin Tambayoyinku: Akuya na shayarwa, ana kuma tatsarta

Wata uwargida daga Misau ta rubuto cikin damuwa. Jar akuyarta ta haifi ɗa guda, yana shan gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen ya cika ya yi tauri. Tana tambaya wane magani za ta saya.

Hajiya, kwantar da hankalinki, kada ki sayi komai tukuna. Ɗan akuya idan shi kaɗai ne yakan zaɓi kan nono guda ya manne masa, ɗayan kuma madara ta taru. Ki wanke hannu da sabulu, ki goge hantsar da ruwan ɗumi, ki tsane ta da ƙyalle mai tsabta, sannan ki tatse gefen da aka bari safe da yamma. Tatsar farko ki zuba a baƙin murfi ko faranti mai duhu ki duba. In fara ce sumul, cika ce kawai. In kin ga gudaji, ko ta tsinke kamar ruwa, ko da jini, hantsar ta yi zafi, akuyar tana harbin ɗanta, to ciwon hantsa ne, ki nemi likitan dabbobi a ranar. In kuwa gefen ya yi sanyi ya fara baƙi, akuyar ta daina cin abinci, ko dare ne kada ki jira safiya. Irin wannan yana ruɓar da hantsa, yana kuma kisa da sauri.

Daga Azare an tambayi lokacin da ya kamata a fara tatsa. Dakashin kwanakin farko na 'ya'ya ne, ba a raba shi da kowa. A bar su da uwarsu kamar mako 2, sannan a riƙa ware su da dare, a tatsa da safe, a sake su su wuni tare. Mai tagwaye ko 'yan uku a rage mata tatsa, domin jar akuyarmu da ƙyar take cika lita guda a rana. Kada a ja kan nono, a matse daga sama zuwa ƙasa. Bayan tatsa a zuba mata harawa ko dusa ta ci a tsaye, saboda ƙofar nonon takan ɗauki lokaci kafin ta rufe, in ta kwanta kan kashi da fitsari nan take ƙwayar cuta ta samu hanya.

Sai wasiƙar da ta ɓata mini rai. Wani saurayi daga Alƙaleri ya ce hantsar akuyarsa ta kumbura, ya sayi allura ran kasuwa wurin mai baza magani a tabarma, ya yi mata sau ɗaya, kumburin ya sauka, bayan mako guda ya dawo. Yanzu yana so in faɗa masa allurar da ta fi ƙarfi.

Malam, ba zan faɗa ba. Kwalbar da ka saya ta wuni a rana, ta wuni a rana ran kasuwar da ta gabata, ba ka san tun yaushe take yawo daga wannan kasuwa zuwa waccan ba. Ka duba lambar NAFDAC? Ka duba ranar da maganin zai lalace? Ko lambar ma masu jabu suna bugawa, balle wanda aka ɗura maka a sirinji daga kwalbar da takardarta ta goge. Mutanenmu sun maida oxytetracycline, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, maganin komai, tari shi, gudawa shi, kumburi shi, ba a auna nauyin dabba, ba a kammala kwanakin da aka rubuta. Abin da ka yi shi ne ka kashe raunanan ƙwayoyin, masu taurin suka rage suka hayayyafa. Ƙwayar Staphylococcus aureus, wadda ke yawan kawo wannan ciwo, takan ɓuya cikin tsokar hantsa ta yi ƙulli, ko maganin gaskiya ba kullum yake cin ta ba. Arha ba ta ado. Kuɗin da ka ce ka tsimi, ka lissafa shi da akuya mai nono ɗaya, wadda in ka kai ta kasuwar dabbobi ta Durum dillali zai fara taɓa hantsar kafin ya buɗe baki.

Abin da ya fi damuna ma, ba ka ce ka daina shan madarar ba. Kowane irin maganin nan yana da kwanakin da aka hana shan madara bayansa, suna jikin kwalba. Madarar da ke ɗauke da magani ita ake zuba wa yara a koko, gobe yaron ya kwanta a asibiti a ce magani ba ya kama shi. Ka je ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma ko shagon da ke da likita, a duba akuyar da ido. Ka riƙa tatsar ta a ƙarshe bayan masu lafiya, da ƙyallenta daban. In gefen ya riga ya mutu, ka haƙura da tatsa, ka kiwata ta don nama. Madara kuma, ko ta lafiyayyar akuya ce, a tafasa, saboda bakkale, wato ciwon da ke sa dabba ɓari, da tarin fuka suna bin ɗanyar madara.

Wani daga Bauchi yana son injin tatsa, awakinsa uku. Haba! Da wace wutar? Ka sayi bokiti mai murfi da ruwan aidin na tsoma kan nono, ragowar kuɗin ka tara harawa kafin rani. Ya kuma ce an yi masa tayin farar akuya "Saanen". Asalin Saanen daga Suwizalan take, ba ta jure zafi irin namu, kuma ba kowace farar akuya ce Saanen ba. Ka shafa hantsar da hannunka, ka ji ko akwai ƙulli ko gefe ɗaya ya motse, ka sa a tatsa a gabanka. Wasu kan hana 'ya'ya sha tun jiya don hantsa ta cika ta ruɗi mai saye.

Wata baiwar Allah daga Dass ta ga ƙuraje masu ɓawo a leɓen 'yan awakinta, yanzu sun fito a kan nonon uwar, maƙwabcinta ya ce ta shafa baƙin mai. 'Yar'uwa, kada ki kuskura, 'ya'yan ne za su lashe shi. Wannan ciwon ƙwayar birus ce, yakan warke da kansa cikin 'yan makonni, haɗarinsa shi ne zafi ya sa uwa ta hana sha, madara ta taru, ciwon hantsa ya shiga ta gyambon. Ki riƙa tatse ta a hankali, ki ba 'ya'yan a kwalba in ta ƙi su, ki ware su daga sauran. Ki sa safar hannu ko leda, domin yana kama fatar mutum, kuma kada yara su taɓa ɓawon.