Tambayi Likita: Shekara Nawa Dashen Haƙori Yake Yi?

Wani ɗan kasuwa mai shekara 54 daga unguwar Zariya a nan Maraɗi ya rubuto cewa an cire masa matauni biyu, kuma likitan da ya gani a Yamai ya ba shi shawarar dashe. Yana so ya san ko abin zai daɗe, kafin ya zuba kuɗinsa.

Alhaji, dashen haƙori kashi biyu ne, kuma kowanne da nasa tsawon rai. Akwai ƙusa ta ƙarfen taitaniyam da ake kafawa a cikin ƙashin muƙamuƙi, wadda take tsayawa a madadin saiwa, sannan akwai kan haƙorin da ake ɗorawa bayan wata uku zuwa shida, lokacin da ƙashi ya gama kama ƙusar. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ne ya gano cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe, ya kuma yi wa mutum na farko dashe a 1965. Mutumin ya rayu da ƙusoshin shekara 40 har ya rasu. A yau fiye da tara cikin goma na ƙusoshin da aka dasa suna nan daram bayan shekara goma, da yawa kuma suna wuce ashirin. Kan haƙorin ne yake rigan lalacewa, domin shi yake shan wahalar tauna, kuma sau da yawa akan sauya shi bayan shekara 10 zuwa 15 ba tare da an taɓa ƙusar ba. Tun da a Yamai za a yi aikin, ka tambayi likitan wanda zai riƙa duba ka a nan gida, ka kuma karɓi takardar da ke ɗauke da sunan irin ƙusar da aka sa maka.

Wani malamin makaranta daga Tasawa ya ce shekara uku ke nan da yi masa dashe, yana goge baki da aswaki, yana cin goro, kuma kwanan nan yana ganin jini a gindin haƙorin, amma babu zafi.

Malam, wannan tambaya ta fi damuna, kuma rashin zafin ne ya sa. Ƙarfe ba ya ruɓewa, ba ya kuma da jijiya, saboda haka cuta takan yi nisa mai ita bai sani ba. Dattin abinci da ƙwayoyin cuta suna taruwa a inda dasashi ya haɗu da haƙorin, dasashi ya kumbura ya fara jini. A wannan mataki wankewar likita da tsafta sun isa su mayar da shi lafiya. Idan aka yi sakaci, kumburin yakan gangara ya ci ƙashin da ke riƙe da ƙusar, kuma ƙashin da ya zaizaye da wuya ya dawo, har wata rana ƙusar ta fara girgiɗi a cire ta. Ka je a duba ka cikin wannan mako, a ɗauki hoton ƙashin.

Ba na hana kowa aswaki, domin yana da amfani, amma ba ya shiga tsakanin haƙora, inda cutar take farawa. Ka haɗa shi da buroshi mai laushi safe da dare, da zaren sakace ko ɗan siririn buroshin da ake zurawa tsakanin haƙora, ka kuma ga likita duk wata shida. Haƙorin asali yana da wata tsoka siririya da ke rage masa nauyin cizo, wadda dashe ba shi da ita, don haka ka riƙa yanka goro ƙanana, ka daina fasa ƙashi ko ɓare rake da wannan gefen. Idan kana shan taba, ita ce babbar abokiyar gabar aikin nan, domin tana rage jinin da ke isa dasashi.

Wata uwa daga Madarunfa tana da ciwon sukari, tana tambaya ko za a iya yi mata.

Hajiya, ana yi, muddin sukarin yana daidai na tsawon watanni kafin aikin da bayansa. Sukarin da ya hau yana jinkirta warkewar rauni, yana kuma buɗe wa cutar dasashi ƙofa. Ki fara da likitan da ke kula da sukarinki, ki kai wa likitan haƙori sakamakon awon jininki.

Wani mahaifi kuma ya ce ɗiyarsa mai shekara 13 ta faɗi daga babur, haƙorin gaba ya fita.

Allah ya ƙara mata lafiya. Ba a yi wa yara dashe sai muƙamuƙi ya gama girma, wato daga wajen shekara 18, domin ƙusar ba ta tafiya tare da ƙashin da ke girma. A yi mata haƙorin roba na wucin gadi, wanda zai tsare gurbin kada na kusa su karkato ciki kafin lokacin ya yi.