Tambayi Barista: Na je taro huɗu, ba wanda ya san na je

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a fannin shari'a, kullum ana ce mana mu riƙa zuwa semina da tarukan lauyoyi wai a nan ake samun hanya, to ni dai na je guda huɗu ke nan, in zauna in saurara in karɓi satifiket in dawo, ba wanda ya san ma na je. Kuma ni ba 'yar kowa ba ce, ko lauya ɗaya babu a danginmu. Don Allah ina matsalar take? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin tuna min da kaina wallahi, satifiket ɗin da na tara ina makaranta har yau suna cikin wata jaka, ban taɓa nuna wa kowa ba, ba kuma wanda ya taɓa tambaya.

Gaskiyar magana ita ce babban lauya ba ya tuna wanda ya zauna a layi na goma yana tafi, wanda yake tunawa shi ne wanda ya ga aikinsa da idonsa. Shi ya sa in har lokacinki kaɗan ne, ki zuba shi a kotun gwaji, wadda ɗalibai suke cewa mut. A can za a ba ku ƙirƙirarriyar shari'a, ku yi watanni kuna bincike kuna rubuta hujjoji na mai ƙara da na wanda ake ƙara duka biyun, sannan ki tsaya gaban alƙalai, waɗanda yawanci lauyoyi ne masu aiki da malaman jami'a, wani lokacin har da alƙalan gaske, su yi ta katse ki da tambayoyi kina cikin magana har sai kin ji gumi yana bin bayanki. To wanda ya titsiye ki na minti ashirin kika ba shi amsa, ai ba zai manta fuskarki ba.

Manyan gasannin ma suna nan. Akwai Jessup da aka fara a 1960, ana kwaikwayon shari'a tsakanin ƙasashe biyu a gaban Kotun Duniya da ke birnin Heg na ƙasar Holan, zagayen ƙarshe kuma a Washinton ake yi. Akwai Vis a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ita kan cinikin kaya tsakanin ƙasashe ce da sasanci ba tare da zuwa kotu ba, in harkar kasuwanci kike so nan ne wurinki. Sai ta haƙƙin ɗan Adam ta Afirka wadda Jami'ar Piretoriya take shiryawa tun 1992, ana zagayawa da ita ƙasa-ƙasa. Kar ki ce sun fi ƙarfinki, daga ta cikin tsangayarku ake farawa, kuma ko ba a zaɓe ki cikin masu magana ba, ki nemi a sa ki a masu bincike.

Shi kuma taro na zama, kar ki je a matsayin baƙuwa. Ki samu masu shiryawa ki ce za ki taimaka, rajistar mahalarta ne, raka masu jawabi ne, ko riƙe makirfon. Kafin ranar ki karanta ko hukunci ɗaya da ya shafi maudu'in, ki riƙe tambaya ɗaya gajeriya. Bayan an tashi ki gaisa da mai jawabin, ki faɗi sunanki da ajinki, washegari ki tura imel na layi uku ki ambaci abin da ya faɗa da ya tsaya miki a rai. Amma don Allah kar ki haɗa da roƙon aiki a saƙon farko, abin nan yana ƙona musu rai.

Af, na kusa mantawa, kar idonki ya tsaya kan manya kawai. Wannan da kuke zaune benci ɗaya, nan da shekara goma wataƙila majistare ne ko lauyan kamfani. Ni aikina na farko ma wata da muka kara da ita a mut ce ta kira ni, kuma ita ce ta kayar da ni ranar.

TAMBAYA: Barista ni sabon lauya ne, albashina bai taka kara ya karya ba, shin dole ne sai na je manyan taruka irin na Ƙungiyar Lauyoyi ta Duniya? Daga wani matashin lauya.

AMSA: A'a ƙanena, ba yanzu ba. Ƙungiyar tana nan tun 1947, ba inda za ta gudu. Ka fara da reshen ƙungiyar lauyoyi na inda kake aiki, ka shiga kwamiti ɗaya ka yi aiki tuƙuru, ka duba ko dokar wurinku ta wajabta kwasa-kwasan ƙaro ilimi kafin sabunta lasisi, waɗannan su ne na dole, da yawansu ma ta Zoom ake yi yanzu. In ka matsu sai ka je babban, ka tambaya ko akwai rangwame ko tallafi na ƙananan lauyoyi, kuma ka yi rajista da wuri don kuɗin yakan ƙaru in lokaci ya matso.