Shin In Toshe Bututun Numfashin Tankin Fetur?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina kula da wani ƙaramin gidan mai a ƙauyenmu da ke yankin Ringim, Jihar Jigawa. Duk ranar da tanka ta zo sauke fetur sai wari ya cika wurin, kuma idan muka tsoma sandar awo bayan kwana biyu mukan tarar da giɓi a lissafi. Wani mai walda ya ce in toshe dogon bututun da ke tsaye bayan ofis, wai ta nan mai yake gudu. Shin in bi shawararsa?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Mai waldar ya gano ƙofar da tururin yake fita, amma kada ka kuskura ka bi shawararsa. Idan tanka ta juye lita 33,000 a tankin ƙarƙashin ƙasa, dole ne iska mai tururi daidai wannan yawan ta ba da wuri, kuma idan ta tarar da hanya a toshe za ta nemi mahaɗar bututun da ta fi rauni, ko ta turo fetur baya ta bakin da ake zubawa. Haka nan idan famfo yana jan mai alhali iska ba ta shiga, tankin zai iya lotsewa kamar jarkar roba da aka zuƙe iskarta.

Abin da ya dace shi ne a ɗaura bawul mai daidaita matsi a kan bututun. Yakan zauna a rufe, ba ya buɗewa sai matsin ciki ya kai iyakar da aka saita masa, sannan yana da ɓangare na biyu da ke barin iska ta shiga idan ana jan mai. Matsin da ake magana a kai kaɗan ne ƙwarai, saboda haka girman bawul da saitinsa aikin injiniya ne bisa ƙarfin tankin, ba na kintace ba. Sai dai bawul shi kaɗai ba zai raba ka da warin ranar sauke mai ba, sai an haɗa tiyo na biyu wanda zai mayar da tururin cikin tankar yayin da fetur yake sauka, kuma wannan yana buƙatar tankar ma tana da mahaɗarsa. A manyan tankunan masana'antu akan cika saman mai da iskar naitirojin, wata na'ura kuma tana tura rarar tururin zuwa inda ake mayar da shi ruwan mai.

Warin da kake ji ba abin rainawa ba ne, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya taru a kwata da ramuka, kuma kimanin kashi 1.4 cikin ɗari a iska ya isa ya kama wuta. Yana kuma ɗauke da sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini.

Game da giɓin kuwa, a ganina ba tururi ne babban mai laifi ba. Fetur yana raguwa da kusan lita ɗaya a kowace lita 1,000 idan zafinsa ya sauka da digiri ɗaya, don haka man da ya sha ranar bazara a hanya, ya huce da digiri 5 a ƙarƙashin ƙasa, zai nuna ragin fiye da lita 150 a tanka guda ba tare da ɗigo ya zube ba. Idan giɓin ya ci gaba da ƙaruwa bayan man ya huce, a gwada tankin da bututunsa ko suna yoyo.

Bayan an ɗaura bawul ɗin, a riƙa duba ragarsa, musamman a ƙarshen hunturu, domin ƙura da gidan zanzaro suna iya yin toshewar da na hana ka yi. Kafin ka sauya wani abu a tankin, ka tuntuɓi hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar man fetur, wadda ta gaji aikin tsohuwar hukumar DPR a kan gidajen mai tun 2021, kuma kada a kunna wutar walda kusa da tankin da ba a fitar da tururinsa ba.