Digirin digirgir a fannin jin daɗin jama'a: amsa ga Malama

Malama, kin ce kina da digiri na biyu a aikin jin daɗin jama'a, kina tambaya ko digirin digirgir zai ƙara miki ƙwarewar aiki da mutane, da kuma irin binciken da ake yi. A gaskiya digirin digirgir, wato PhD, horon bincike da koyarwa ne. Shi ya sa a Amurka aka raba shi biyu: PhD na masu bincike, DSW (digirin digirgir na ƙwarewar aikin jin daɗin jama'a) na waɗanda za su ci gaba da aiki ko shugabantar hukuma. PhD a can yakan ci shekara 4 zuwa 6: kusan biyu na darussan ƙididdiga da dabarun bincike, sai jarrabawar cancanta, sannan kundi. A Najeriya kuma, jami'o'in Nsukka da Ibadan suna da sashen wannan fanni.

Waɗanda suka gama galibi suna binciken kare yara, lafiyar ƙwaƙwalwa, tsofaffi, talauci da shaye-shaye. Bincike mai amfani a cikinsu shi ne wanda ya auna ko wani shiri yana aiki. Misali, an kafa dokar haƙƙin yara ta Najeriya a 2003, amma me ke samun yaron da aka kai batunsa ofishin jin daɗin jama'a bayan wata shida? Wannan tambaya ta isa kundi. "Matsalar almajirci a Arewa" kuwa ta yi faɗi, mai duba aikinki zai dawo miki da ita.

Inda ɗalibai suka fi maƙalewa shi ne shiga wurin mutane. Ba a fara tattara bayani sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, wannan kaɗai yana iya cin watanni. Idan yara ne, sai da yardar iyaye ko mai riƙo, da ta yaron kansa; ga almajiri kuwa, iyayen suna wani gari. Sansanin 'yan gudun hijira ma sai da izinin hukumar da ke kula da shi.

Takardar tambayoyi da aka fassara zuwa Hausa, a ba wani daban ya mayar da ita Turanci a gwada, in ba haka ba sai ki auna abin da ba shi kika nufa ba. Kuma hirar awa ɗaya takan ci awa 4 zuwa 6 wajen rubutawa, don haka hira 30 aikin makonni ne.

Kafin ki cike fom, duba ko malamin da zai duba ki ya wallafa wani abu kan batunki cikin shekarun nan.