Amsar Goggo Kan Bashin 'Yan'uwa da Jarin Mata a Ƙasashen Fari

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce kin lura matan da ke zaune a yankunan da ruwan sama bai wadata ba sukan fara sana'a da zafinsu, amma kafin shekara ta zagayo jari ya narke. Kina ganin laifin al'adar nan ce ta kunyar hana ɗan'uwa bashi, har kina tambaya ko lokaci bai yi ba da za a watsar da ita. Ni dai ban goyi bayan a watsar ba, kuma ga dalilina.

Inda damina take wata uku ko huɗu, kuma ita ma ba tabbas, babu gidan da ke iya tsayuwa shi kaɗai. Wadda kika rufa wa asiri bana, ita za ta rufa miki baɗi. Shi ya sa za ki tarar da wannan ɗabi'a kusan duk inda fari yake. Boranawan kudancin Habasha, alal misali, in garken mutum ya ƙare, dangi ne ke haɗa masa dabbobi ya sake tashi. Matar da ta toshe wannan ƙofa don tsare ribarta, ranar da rijiya ta ƙafe ba ta da wanda za ta nufa.

Amma abin da kika gani gaskiya ne. Ki tsaya kusa da mai ƙaramin tebur a tsakiyar bazara. Da magariba yaro zai zo, kansa a sunkuye: "Wai in ji mamata a ba ta sabulu da gishiri, sai kaka ta biya." Ta ba shi. Kafin ta rufe gwangwanin kuɗin, nata ɗan ya tashi da zazzaɓi, rumbu kuma ya yi ƙasa. A gwangwani guda kuɗin magani, kuɗin cefane da kuɗin sarin kaya suke kwana. Ga shi a shekarar fari kowa na kai dabbarsa kasuwa lokaci ɗaya, farashinta ya faɗi, na hatsi ya hau, masu sayen kayanta duk aljihunsu ya bushe tare da nata. To, a nan jari ke mutuwa, domin ba shi da wani maɓoya dabam da tukunyar gida.

Maganin da na fi yarda da shi mata ne suka riƙe shi da hannunsu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a Nijar, tsarin da daga baya ya bazu ƙasashe da dama. Ana zubi duk mako, ana ba juna rance, kuɗi na cikin akwati mai kwaɗo uku, kowane mabuɗi a hannun mace dabam, sannan akwai ɗan asusun jaje a gefe. Kin ga hikimar? In ɗan'uwa ya zo, za ta taimaka da abin da ke hannunta, ta kuma ce masa sauran na akwati, ba tare da ta yi ƙarya ba. Zumunci bai tsinke ba, jari bai taɓu ba. Ajiya a waya, irin M-Pesa da aka fara a Kenya a 2007, ita ma tana wannan aikin. Sai dai fari in ya zo duk 'yan ƙungiya yake bugewa tare, don haka wadda ke da masu saye a birni, waɗanda samunsu bai rataya ga ruwan sama ba, ta fi tsira. Matan Isiyolo, wani gari a Kenya, sun gane haka: suna tara nonon raƙumi, su sanyaya shi, su ɗora a mota zuwa Nairobi.

In kina neman inda al'ada take cutarwa, ki duba wani wajen. A wurare da yawa nono da ƙananan dabbobi na mace ne muddin kuɗinsu kaɗan ne; da zarar ciniki ya kankama sai maigida ya sa hannu. Wannan yana ƙona min rai, domin ba taimakon juna ba ne, ƙwace ne. Haka gonar da take nomawa ba da sunanta take ba, banki kuma jingina yake nema. Sai lokaci: a 2016 UNICEF ta ƙiyasta cewa mata da 'yan mata a duniya na kashe awa miliyan 200 kowace rana wajen ɗebo ruwa. Wadda ta yi hantsi a bakin rijiya, yaushe za ta ci kasuwa?

Saboda haka in kin zauna da matan nan, kada ki fara da ce musu su daina ba da bashi, za su ɗauke ki marar tarbiyya, su daina sauraronki. Ki tambaye su ina jari ke kwana, wa ke da ta cewa a kan riba, su wa ke saye in damina ta ƙi, tafiyar awa nawa ce zuwa ruwa. Ki kuma zauna da mazajensu da surukansu tun da wuri, kafin kuɗi su fara shigowa. Ki gaishe min da babanki, Allah ya yi miki albarka.