Amsa ga ɗalibin Maraɗi: yadda muke riƙe tarihin Shehu a Sudan

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce littattafan da aka ɗora muku a darasin tarihi da addini sun ɓata maka rai, don duk inda aka zo kan jihadin Shehu Usmanu sai a mai da kakanninka Haɓe masu taurin kai da suka ƙi gaskiya. Kana so ka ji ko mu Hausawan Sudan haka muke karantar da namu 'ya'yan.

Mu nan ba mu ma da littafin da za mu yi fushi da shi. Yaro in ya shiga makarantar gwamnati Larabci zai sha, ya haddace labarin Mahadi da faɗuwar Hartum a 1885, amma da wuya ya ji sunan Sakkwato. Tarihinmu a baki yake. Ana ba da shi a zaman makoki, da bayan isha'i a ƙofar gida, da lokacin da tsohuwa ke dama godogodo jikoki sun kewaye ƙwaryar, tana zuba nono tana cewa "da muka taso daga Burmi", alhali ko uwarta ba a haifa ba a lokacin.

Ga labarin. Turawa suka ci Sakkwato a Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗaura niyyar hijira gabas, jama'a suka bi shi, aka tare su a Burmi a watan Yuli, ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da ke amsa sunansa yau. Da yawanmu, in za a faɗi gaskiya, ba ta Burmi muka biyo ba. Maniyyata ne da suka taho a ƙasa, guzuri ya ƙare, suka tsaya tsinkar auduga a gonakin Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, da niyyar damina ɗaya, ga shi har tattaɓa-kunne. Amma in an zauna hira kowa ɗan hijira ne. Maƙwabta kuwa Fallata suke ce mana duka, ba ruwansu da wane ne Bahaushe wane ne Bafillace.

To ka ga abin da ya sa sunan Shehu yake da nauyi a nan. Mutumin da kullum ake tambayarsa daga ina ya fito, ake ja masa rai kan takardar ɗan ƙasa, da wannan yake kare kansa: don addini kakanninmu suka bar gida. A rikicin 2022 na jihar Shuɗin Nilu, da aka zubar da jini kan filaye da sarauta, maganar baƙunta aka sake tonowa. Ka zauna gaban dattawanmu ka ce jihadin har da neman mulki da ganima a ciki, ba za su ɗauka gardamar ilimi ba ce, za su ji kamar tabarmar da suke zaune a kai kake janyewa.

Duk da haka ƙorafinka yana kan hanya. A bakinmu Maraɗi ba ta fitowa sai a matsayin mahara masu hana Katsina barci. Sai da na girma na ji daga alhazan ƙasarku cewa bayan Katsina ta faɗa hannun Ummarun Dallaje, mai tutar Shehu, a 1807, ita ma tsohuwar sarautar gudu ta yi, Ɗan Kasawa ya sake kafa ta a Maraɗi, shi ya sa har yau Sarkin Katsina kuke ce wa sarkinku. A wurinsu na ji Gawakuke, 1836, yaƙin da sarkinku Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama a cikinsa, Gobirawa suka koma suka kafa Tsibiri. Mu a nan nasara kawai ake kiran wannan rana, in ma an tuna da ita.

Inda ba na tare da kai shi ne da ka ce a ajiye littafin tarihin jihadin nan, Infaƙul Maisuri, tunda mai galaba ya rubuta shi. Kul! A cikinsa Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kawo wasiƙun Shehu Laminu na Barno, wanda ya tambaye su da wace hujja suke yaƙar masu salla da azumi, ya ce saɓo ba ya fitar da mutum daga Musulunci. Tambayarka ke nan, malami ya riga ka yin ta da shekara ɗari biyu, kuma abokin gardamarsa ne ya adana mana ita. Waɗannan shafukan za ka buɗe wa malaminku a aji, cikin ladabi, ka ga yadda zai yi da su.

Sannan ina da roƙo. Ka je wajen makaɗan fada ka ɗauko mini kirarin tsohon sarkinku Ɗan Baskore a waya. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya watsa mu gari-gari, zaman hirar ya ragu, amma akwai samari kusa da ni da zan kunna wa, in ji abin da za su ce. Ka gaida mahaifinka da mutanen gida.